Tambaya da Amsa: Ɗana na son zama likitan binciken gawa, me aikin ke biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Daura, na yi ritaya. Ɗana na fari ya gama karatun likita, ya yi shekararsa ta horo a asibiti, yanzu yana bautar ƙasa. Da ya zo hutun Sallah sai ya ce mana shi ɓangaren binciken gawa zai shiga, irin masu gano abin da ya yi ajalin mutum. Mahaifiyarsa har yau ba ta huce ba. Ni ba gawar ce ta dame ni ba, kowa can za shi. So nake in san yadda ake biyansu, ko akwai alawus na musamman saboda haɗarin aikin, kuma in ya kwaso cuta a bakin aiki wa zai ɗauki nauyinsa da na iyalinsa. Ya ce a Turai korona ake ce musu, kuma suna samun kuɗi sosai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara girma, ya yi wa yaron albarka.

Bari in fara gyara wa ɗan naka zance ɗaya. Korona (coroner a Turance, ba cutar nan ba) daban, likitan binciken gawa daban. A tsarin da muka gada daga Ingila, inda muƙamin ya samo asali tun 1194, korona aikin shari'a yake yi, kuma a Najeriya galibi majistare ake ɗora wa wannan nauyin. In mutum ya mutu ta hanyar da ke da alamar tambaya, ko an kashe shi, ko ana zargin guba, ko an tsinci gawarsa a bayan gari, ko ya cika a hannun hukuma, majistaren ne ke ba da umarnin a bincika, ɗan sanda ya kawo takardar asibiti, likita ya duba ya rubuta rahoto. Majistare ma'aikacin jiha ne, albashinsa na majistare yake ci, har ƙarin albashin alƙalai da aka sa wa hannu a 2024 na manyan kotuna ne, bai sauko kansa ba. A Ingila ta yau sai lauyan da ya shekara biyar yana aiki ake naɗawa korona. A Amurka kuwa akwai gundumomi da yawa da zaɓensa ake yi kamar kansila, wani ma ba likita ba ne. Kuɗin da ɗanka ya ji labari na ƙwararrun likitocin can ne, kuma shiga layinsu sai an sake jarrabawa an sake horo.

To mu dawo gida. A nan babu wani tsarin albashi da aka ware wa likitan binciken gawa. Albashin likita zai ci, a kan tsarin nan da ake kira CONMESS, daidai da abokinsa likitan ido ko na yara da suke mataki ɗaya. Zai nemi gurbin horon ƙwarewa a fannin nazarin cututtuka, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Zai kwashe kamar shekara biyar, sau da yawa fiye, yana cin jarrabawa hawa-hawa kafin ya zama kwansoltan, wato babban likita ƙwararre. A duk tsawon wannan lokaci ana biyansa albashi, kuma akwai kuɗin tallafin horo da dokar 2017 ta tanadar wa likitoci masu neman ƙwarewa, kodayake fitar kuɗin ya sha jawo yajin aiki. Legas ce ta yi nisa, tun dokarta ta 2007 take da ofishin babban likitan binciken gawa, wanda ya yi aiki a kan mamatan haɗarin jirgin saman Dana a 2012. Can ne mutum zai iya cewa wannan sana'ar ce kaɗai abincinsa.

A Katsina da Daura kuwa, ka fi ni sanin halinmu. Mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ko da akwai zargi, dangi sai su ce sun bar wa Allah, a ba su gawarsu. Na sha tsayawa a ƙofar mutuware da takardar kotu a hannu, dattawa sun yi layi da makara suna roƙona don girman Allah kar a taɓa shi. Ba na ganin laifinsu, kodayake malamai da dama, har da majalisar manyan malaman Saudiyya, sun halatta binciken in don a gano gaskiyar laifi ne. Abin da wannan ke nufi ga ɗanka shi ne, mafi yawan kwanakinsa ba gawa zai gani ba. Zaune zai wuni a gaban madubin likita yana duba ɗan naman da aka yanko daga ƙullutun nonon wata baiwar Allah, ya faɗa wa likitan fiɗa ko daji ne ko ba daji ba ne. Ka gaya wa Hajiya haka, wataƙila hankalinta ya kwanta: masu rai zai fi yi wa aiki.

Batun alawus. Akwai na kwana a bakin aiki, akwai na ƙwarewa in ya zama kwansoltan, akwai na koyarwa in yana karantar da ɗalibai. Sai na haɗari, wanda ka tambaya. Shekara da shekaru naira 5,000 ne a wata, abin da ko a bakin ɗan kasuwa abin dariya ne. A ƙarshen 2021 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa tsakanin 32,000 da 40,000 ga likitoci, sauran ma'aikatan lafiya kuma tsakanin 15,000 da 34,000. Amma da matakin albashi ake auna shi, ba da irin haɗarin da mutum ke shiga ba. Wanda ya buɗe ƙirjin mai tarin fuka da wanda ya wuni yana rubuta magani, duk abu ɗaya za su gani a takardar albashi. Ni dai ban taɓa yarda wannan adalci ne ba. Kuma wannan lissafin na ma'aikatan tarayya ne. Jiha ita ke yanke nawa za ta bi daga ciki, shi ya sa in ya samu takardar ɗaukar aiki, tambayar farko ita ce wa ya ɗauke shi, tarayya ko jiha.

Akwai kuma wahalar da ba ta cikin kowace takarda: zuwa kotu ba da shaida. Ka bar aikinka, ka sha mai da kuɗinka, ka zauna a benci tun ƙarfe tara da fayil a cinya, sai wajen azahar magatakarda ya leƙo ya ce an ɗage sai wata mai zuwa. Shari'ar kisa tana iya shekaru, ko an yi maka canjin wurin aiki sammaci zai bi ka.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, maganar cuta. Haɗarin gaskiya ne. Tarin fuka yana tashi a iska lokacin da ake aiki a kan huhu. Ciwon hanta da ƙanjamau suna shiga ta yankan wuƙa ko tsinin ƙashi. Zazzaɓin Lassa yana nan a jinin mamaci. Ga fomalin, ruwan da muke jiƙa nama a ciki, mai sa ido hawaye, mai kama riga har gida, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa a jerin abubuwan da ke haddasa daji tun 2004. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ita ce garkuwarsa. Hukumar NSITF ke kula da asusun, mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a cire ko kwabo daga na ma'aikaci. Dokar ta haɗa rauni, da cutar da aka samu ta dalilin aiki, da nakasa, da mutuwa, har da taɓuwar hankali saboda abin da mutum ya gani a bakin aiki, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aka tara wa mamatan haɗarin mota goma a dare ɗaya. Sai dai tana da wa'adi. Ma'aikaci ya sanar da shugabanninsa cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. A nan mutanenmu ke faɗuwa.

Na taɓa aiki da wani dattijo a mutuware, a wani asibiti da ba sai na ambaci sunansa ba. Ran wata Alhamis da dare tsinin haƙarƙari ya huda safar hannunsa ya soke shi a babban yatsa. Ya matse jinin, ya wanke da sabulu, ya ɗaure da tsumma, bai gaya wa kowa ba, wai kar a ce ya cika raki. Sai ran Litinin na ga tsumman na tambaye shi. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28, ga shi an kwana huɗu. Na je in rubuta a littafin haɗurra, aka yi ta nema ba a san inda littafin yake ba. Allah ya tsare, gwaji ya fito lafiya. Amma da abin ya zo da tsautsayi, ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna cewa a bakin aiki ya samu. Kuma shi ma'aikacin wucin gadi ne, shekara da shekaru ana cewa za a tabbatar da shi. Dokar diyyar ta ambaci irinsu ƙarara, su ma ma'aikata ne, amma wa zai bi masa? In ana maganar waɗanda aka bari a baya a wannan sana'a, su ne, ba mu likitoci ba. Su ke ɗaga gawa, su ke wankewa, su ke ɗinkewa.

Fansho kuwa, a aikin tarayya dokar 2014 ce: ana cire masa kashi 8, gwamnati ta zuba kashi 10 a asusunsa na kansa. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, wadda ake ba magada in ya rasu yana aiki. Kai da ka yi ritaya ka san bambancin abin da ke rubuce da abin da ke shiga hannu, ba sai na ja ba. Na jiha yana bin dokar jiharsa. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya tana ɗaukar shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18.

In ka tambaye ni ko zai yi kuɗi, ba zai kamo likitan fiɗa ko na mata mai asibitin kansa ba. Amma masu wannan fanni ƙalilan ne a Arewa, gurbin aiki ba ya yi musu wuya, dakunan gwaji masu zaman kansu suna kawo musu aiki su biya, jami'o'i na nemansu, kuma ba a cika tashinsu tsakar dare ba.

Kafin ya sa ƙafa a ɗakin nan, Malam, ka tsaya a kansa ya yi rigakafin ciwon hanta, allura uku, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, ya adana katin. Ya tambayi ofishin ma'aikata ko asibitin na biyan kuɗin NSITF. Ya cike takardar magaji da hannunsa, in ya yi aure ya koma ya sabunta ta, don na ga matar abokin aiki da marayu uku tana zarya a ofis saboda sunan da ke kan takardar na mahaifin mijin ne, wanda ya riga shi rasuwa da shekara shida.