Tambaya da Amsa: Kwana Goma da Ƙaramin Gilashin Makro a Kyamara Marar Madubi

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na ambata cewa na karɓi aron wani ƙaramin gilashin makro ina gwadawa, wato gilashin kyamara da ake ɗaukar ƙananan abubuwa da shi daga kusa, tambayoyin wannan makon suka karkata can. Na tsamo guda shida daga ciki.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da kyamara marar madubi, amma gilashin da ta zo da shi kaɗai gare ni. Ina sha'awar ɗaukar furanni da ƙwari. Yaya ka ga ƙaramin makron nan? In saya?

Barka kadai ɗan'uwa. Yau kwanansa goma a hannuna. Mai tsawon 50mm ne, ƙofar haskensa tana buɗewa har f/2.8 (in lambar ta yi ƙasa, ƙofar ta fi faɗi), kuma yana kaiwa 1:1, wato abu yana faɗawa da ainihin girmansa a kan sensa, ɓangaren da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin abin da zan faɗa halin danginsa ne baki ɗaya.

Abin da ya fara shiga raina shi ne rashin nauyi. Duba alƙaluman da kamfanonin suka bayar da kansu: Nikon Z MC 50mm giram 260 ne, yayansa mai 105mm kuwa giram 630. Sony FE 50mm giram 236, nasu mai 90mm giram 602. Fujifilm 30mm da ya fito a 2022 giram 195 ne, Olympus 30mm kuma giram 128 kacal. Wannan bambanci ba na takarda ba ne. Babban makro sai ka yi niyya kafin ka saka shi a jaka, kuma sau tari a gida ake barinsa. Ƙaramin kuwa tun ranar da na ɗaura shi ban cire ba, domin 50mm yana ɗaukar mutum, yana ɗaukar titi, sannan in ka ga wani abu a kan ganye sai ka durƙusa kawai.

Hoton farko da na ɗauka na fuskar agogona ne. Agogon da nake gani tsaf a hannuna kullum, da na buɗe hoton a kwamfuta sai ga ƙarce-ƙarce birjik a kan gilashinsa, ga wani siririn zare ya maƙale a gindin hannun daƙiƙa, ga fentin lamba 6 ya ɗan zarce gefensa. Daga nan na juya kan allon wayata. Wurin da ido ke gani fari fat, ashe ƙananan ɗigo ne ja da kore da shuɗi a jere reras. Na daɗe da sanin haka a karatu, amma ganinsa da idona ya sa na jima zaune ina kallo. Ta fuskar fitar hoto tar, ba ni da abin cewa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. A takarda an rubuta cewa yana kama abu daga santimita 16. Mutane da yawa suna zaton daga bakin gilashi ake aunawa, alhali daga sensa ne, can cikin kyamara. Duba saman kyamararka za ka ga wata 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa ta, to daga nan awon yake farawa. In ka cire kaurin kyamara da tsawon gilashin, ka haɗa da miƙewar da bakinsa ke yi idan ya matso kusa, abin da ya rage tsakaninka da abin da kake ɗauka bai wuce santimita 5 ba. Masu 30mm ma ba su kai santimita 3 ba.

Wannan ƙuncin yana haifar da abu biyu. Na farko, kai da gilashinka ku ne za ku tare hasken, sai ka ga inuwa ta rufe abin da kake son ɗauka. Na biyu shi ne ƙwarin da ka ambata. Wata rana da hantsi na tarar da ƙuda a jikin bango yana murza hannuwansa. Sau biyar ina lallaɓawa, numfashi ma a hankali nake yi, amma da zarar bakin gilashin ya kusanto sai ya yi fir ya tashi. A ƙarshe daga nesa na ɗauke shi na yanko hoton. Gilashi mai 90mm ko 105mm yana ba ka kusan santimita 13, kuma wannan 'yar tazara ita ce bambancin samun hoto da rasa shi.

Wani abin da na lura da shi: in ka bar kyamara ta nemi saiti da kanta, wato inda hoton zai fito tar, a kusa sosai, wani lokaci takan yi ta kai-komo, ta je nesa ta dawo, domin hanyar da makro ke bi daga kusa zuwa nesa doguwa ce. Yawancinsu suna da maɓallin taƙaita wannan tafiya a gefe, ka yi amfani da shi. Ni dai a 1:1 da hannu nake saitawa, sannan in riƙa gusa jikina gaba da baya kaɗan-kaɗan har wurin da nake so ya fito, sai in danna.

Saboda haka, in furanni ne da ganye da saƙar yadi da duk abin da ba ya gudu, saye shi hankali kwance. In kuwa ƙwari ne ainihin abin da ke ranka, yi haƙuri ka nemi dogo. Akwai ma dogaye marasa nauyi yanzu, kamar Panasonic Lumix S 100mm na 2024 mai giram 298, in dai bakin kyamararka ya dace da shi. In ƙaramin ka riga ka mallaka, fita da sassafe, lokacin da sanyi bai saki ƙwari ba.

Tambaya: Gilashina an rubuta masa "Macro" ɓaro-ɓaro, amma na ɗauki tururuwa ta fito 'yar mitsitsiya. Ko jabu aka sayar mini?

Da wuya ya zama jabu. Kalmar ce kamfanoni ke amfani da ita a sake. Abin dubawa shi ne lambar girman hoto. Idan aka ce 1:1, ana nufin abu mai santimita ɗaya zai faɗa kan sensa da girman santimita ɗaya. Idan 1:2 ne, ko 0.5x, rabin haka zai samu. Canon RF 35mm f/1.8 Macro na 2018, alal misali, 0.5x ne, kuma sun rubuta hakan a bayanansa.

Gwada naka da rula. Matsa kusa iyakar inda saiti ke kamawa, ka ɗauka, ka ƙirga milimita nawa suka shiga daga hagu zuwa dama. A babbar sensa mai faɗin milimita 36, in ka ga 36 to 1:1 gare ka, in ka ga 72 to 1:2 ne. A ƙananan sensa kuwa, wadda ake kira APS-C lambar 1:1 tana kusa da 23, wadda ake kira Micro Four Thirds kuma kusa da 17.

Ka kuma sani ko 1:1 ɗin ba zai cika maka hoto da tururuwa ba. Tururuwa mai milimita 5 kashi ɗaya cikin bakwai na faɗin babbar sensa za ta ci. Hotunan nan da kake gani na fuskar ƙwaro da idanu kamar saƙar zuma, da gilashin 2:1 ko fiye ake yin su, irin waɗanda Laowa ke ƙerawa, ko OM System 90mm na 2023.

Tambaya: Malam, ina sana'ar zobba da 'yan kunne, ina ɗaukar hotonsu don masu saye. Na sayi makro, amma sai dutsen zoben kawai ya fito, sauran duk dishi-dishi. Ya lalace ne?

Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Lafiyarsa ƙalau. Duk lokacin da aka matsa kusa, kaurin wurin da ke fitowa tar yana raguwa ƙwarai. A 1:1 kan babbar sensa, in ƙofar haske tana f/2.8, wurin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Ko kin tsuke ta zuwa f/8, kusan milimita ɗaya za ki samu. Zobe kuwa daga gabansa zuwa bayansa ya kai santimita biyu. Kin ga ba yadda za a yi ya shiga duka.

Abu na farko, ja da baya. Zobe ba ya buƙatar 1:1. A 1:2 da f/8 kina da kusan milimita 3, ninki uku ke nan, kuma kyamarar yanzu tana da isassun megafiksel da za ki yanke gefen hoton ba tare da asara ba. Na biyu, kwantar da kayan yadda fuskarsa za ta kalli kyamara sosai, kada ya karkace. 'Yan kunne da sarƙa in an shimfiɗa su an ɗauka daga sama, kusan duka suke fitowa. Ki tsaya tsakanin f/8 da f/11. Kada ki ce bari in kai f/22 don komai ya fito, domin in ƙofar ta yi ƙanƙanta da yawa haske yakan bazu a gefenta, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi.

In kuma kina son zoben ya fito tun daga dutse har baya, irin na manyan tallace-tallace, to ba hoto ɗaya ba ne. Ana kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, a ɗauki hoto ashirin ko talatin, kowanne an ɗan gusa saitin gaba kaɗan, sannan manhaja ta tsinci wurin da ya fito a kowanne ta haɗe su. Helicon Focus da Zerene Stacker da Photoshop duk suna yi. Kyamarori marasa madubi da yawa suna ɗaukar jerin da kansu, wasu na OM System ma a cikinsu suke haɗewa.

Kada ki haske zinariya ko azurfa da fitila kai tsaye, za su yi ƙyalli fari ya cinye adon. Ajiye kusa da taga, ki sa farar takarda tsakanin hasken da zoben, wata kuma a ɗaya gefen ta mayar da haske. Sannan ki goge kayan sosai kafin ki fara, ki riƙe da ƙyalle. Shatin yatsa ɗaya a makro sai ya fito kamar taswira.

Tambaya: A jikin gilashina na Nikon an rubuta f/2.8, amma in na matsa kusa kyamara tana nuna f/5.6, ta ƙi sauka. Mene ne matsalar?

Babu matsala, gaskiya take faɗa maka. Kowane gilashi in ya kai 1:1 hasken da ke isa sensa yana raguwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, domin hoton ya bazu ya yi girma. Nikon suna nuna lambar bayan an cire wannan ragi, Canon da Sony kuwa suna barin f/2.8 a allo, amma su ma hasken ya ragu.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne saurin ɗauka. Inda kake samun 1/200 na daƙiƙa, yanzu 1/50 za ka samu, ga shi a wannan kusanci rawar hannu ma girma take yi tare da hoton. Na'urar hana rawa da ke cikin kyamara tana taimakawa, amma ba ta iya gyara gusawar jikinka gaba da baya. Ka ɗaga ISO, lambar da ke ƙara wa hoto haske, ba tare da tsoro ba, ko ka sa filashi ka lulluɓe shi da farin abu mai tausasa haske.

Tambaya: Wayata tana da makro. Me zai sa in kashe kuɗi a gilashi?

Ƙila ma ba ka buƙata. Tun iPhone 13 Pro na 2021 da manyan wayoyin Android irinsa, kyamarar nan mai faɗin gani tana kama abu daga kusan santimita 2, kuma ƙanƙantar sensarta tana sa wuri mai kauri ya fito tar. In karanta ƙaramin rubutu ne a jikin batir, ko nuna wa mai gyara inda ya ƙone a cikin na'ura, ta ishe ka har da saura. Inda take gazawa shi ne ƙarancin haske, da inuwar wayar kanta, da yadda take lanƙwasa siffar abu, da kuma hoton da za a buga babba.

Wayoyi masu sauƙin kuɗi kuwa, makron da ake liƙa musu galibi megafiksel 2 ne. Gwada ɗauka da babbar kyamarar wayar daga ɗan nesa ka yanko, sau da yawa za ka ga ya fi kyau.

Tambaya: An ce akwai zobba da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi su mayar da shi makro. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Bututu ne kawai, babu gilashi a cikinsa, aikinsa nisanta gilashinka daga sensa. Lissafinsa mai sauƙi ne: raba tsawon bututun da tsawon gilashin. Bututu mai 25mm a kan gilashin 50mm yana ƙara maka 0.5x. Muddin yana ɗaure, kyamara ba za ta kama abin da ke nesa ba sai ka cire shi. Ga mai son ya ɗanɗana makro kafin ya yanke shawara, hanya ce mai kyau.

Ka tabbata ka sayi mai 'yan ƙarafan lantarki a bakinsa. Gilasan kyamara marar madubi galibi da wuta suke motsa saiti da ƙofar haske, in bututun bai isar da wutar ba sai su tsaya cik. Kuma tunda za ka riƙa yawan cirewa da mayarwa, ka tuna babu madubin da ke tsare sensar. Kashe kyamarar, ka juya bakinta ƙasa, ka canza da sauri a inda ba iska, domin ƙurar da ba ka gani a f/2.8 da ka koma f/11 za ta fito maka baƙin ɗigo a kowane hoto.