Shin Ƙanena Zai Iya Zama Kamar Makashin da Na Gani a Talabijin?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Na kalli wani kashi na shirin 'yan sanda na Amurka, inda wani mutum yake jin murya tana umartarsa, yana kashe mata ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena yana da irin wannan larurar ta jin muryoyi, shekara uku ke nan yana shan magani. Tun daga ranar da na kalli shirin na kasa barin yarana tare da shi, gwaggonmu kuma ta dage a kai shi gidan mari. Me zan yi?

AMSA: Malama, Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da ɗawainiyar da kike yi. Abin da kika gani dabara ce ta masu rubuta shiri, domin su tsorata mai kallo cikin minti arba'in, kuma ita ce ƙaryar da nake fama da ita kusan kullum a asibiti.

Kisan mutane ɗaya bayan ɗaya na tsawon shekaru yana buƙatar tsari, da haƙuri, da iya ɓoye sawu, waɗanda suna cikin abubuwan da cutar ƙaninki take raunanawa. Dennis Rader ya kashe mutum 10 a jihar Kansas tsakanin 1974 da 1991, yana da mata da 'ya'ya, yana cikin shugabannin cocinsu, ba a kama shi ba sai 2005. Harold Shipman likita ne a Ingila, marasa lafiya suna yabon kirkinsa, kotu ta same shi da laifin kashe mutum 15 a shekarar 2000, bincike daga baya ya nuna sun haura 200. Shi kuwa David Berkowitz, wani makashi a New York, wanda ya ce aljanin da ke jikin karen maƙwabcinsa ne yake ba shi umarni, daga baya da bakinsa ya amsa cewa shirya zancen ya yi. Abin da aka fi samu a irin waɗannan mutane shi ne bushewar zuciya da rashin nadama, alhali suna sane sarai da abin da suke aikatawa.

Mai larura irin ta ƙaninki ya fi kusa da a cuce shi a kan ya cuci wani, kuma ya fi zama haɗari ga kansa. Na sha ganin saurayi an kawo shi da tabon sarƙa ya ci idon sawunsa har ya yi ruwa, bayansa duk shatar bulala, saboda wani ya ce aljani ne sai an dake shi ya fita. Wannan yana ɓata mini rai matuƙa. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane a tsare, da yawa cikin mari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 domin kare haƙƙin irin su ƙaninki, amma har yau masu gidajen mari suna karɓar kuɗin iyaye, abu na farko da suke yi kuma shi ne hana mara lafiya maganinsa. Ki faɗa wa Gwaggo cikin ladabi cewa addu'a ba ta hana shan magani, kuma ana yin ta a gida.

Ba zan ɓoye miki ba, haɗari yana ƙaruwa idan ya daina shan magani, ko ya fara shan wiwi ko tiramol. Idan kika ga ya kwana biyu ko uku ba barci, ko ya ƙi abinci yana cewa an sa masa guba, ko ya ce muryar ta fara umartarsa ya cutar da kansa ko wani, to kada yara su zauna da shi su kaɗai, kuma a ranar ku mayar da shi wurin likitansa, ku tafi da katinsa da ragowar maganin da yake sha.