Wai lokacin kai ƙara ya wuce, bashina ya tafi kenan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Muda Lawal nan Bauchi, tun 2016 na ba wani abokina buhunan masara bashi har yau shiru. Bara dai ya turo min dubu 20 da saƙo a waya wai in ƙara haƙuri. Yanzu wani lauya yace lokacin kai ƙara ya wuce. Haƙƙina ya faɗi kenan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa bashi baya ruɓa, yana wuyansa har ya biya ko ka yafe. Abinda lauyan yake nufi dokar kotun boko ce, shekara biyar ko shida gwargwadon jiha, ita kuma ƙofar kotu kawai take rufewa, bata halatta masa cin dukiyarka.

Amma shin ka faɗa wa lauyan nan maganar dubu 20 ɗin da saƙon? Ina zaton baka faɗa ba, alhali nan maganar take. Wanda ya biya wani abu ya kuma ce a ƙara haƙuri ai ya yi iƙirari da bakinsa, kuma ko a dokar tasu biyan wani sashe ko amsa bashi a rubuce yana sa a sake lissafi daga farko. Kar ka goge saƙon nan.

Zaka ji wasu suna cewa ai a Malikiyya ma akwai hauzi na shekara 10, wato idan abu ya daɗe haka a hannun wani, mai shi ya rasa damar nemansa a kotu. Wannan maganar fili da gida ce, mutum yana gani ana gini a kai ya yi shiru babu uzuri, ba bashi ba. Eh, wasu malaman mazhaba sun ce idan aka yi shekara 20 ko 30 ba a nema ba alƙali ba zai saurara ba, to amma dalilinsu zaton an riga an biya ne, ta yaya za a yi zaton biya ga mutumin da bara ma yake bada haƙuri? Kuma shirun kunya da zumunci da muka sani a nan ba yafewa bane.

Sai dai ka kiyaye, kar kace tunda naira ta karye sai ya ƙara maka, kuɗin da kuka yanke a 2016 shi kake bi. Banda kai shi wajen 'yan sanda, banda tona masa asiri a Facebook. Ka fara da dattawan kasuwa, a rubuta a sa shaidu biyu, in da gaske babu ce ta kama shi ka tsara masa biya kaɗan-kaɗan, in taurin kai ne sai kotun shari'a. Wallahu a'alam.