Amsar tambayarka kan bikin 'yancin kan Meziko

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonka inda kake tambaya ko 5 ga Mayu ce ranar 'yancin kan Meziko, kamar yadda abokan karatunka na Amurka suka gaya maka, da kuma dalilin da maƙwabtanka 'yan ƙasar suke taruwa da dare a tsakiyar Satumba. Ranar 5 ga Mayu ta tunawa ce da galabar da suka yi a kan sojojin Faransa a Puebla a 1862. Bikin 'yanci kuwa yana farawa ne daren 15 ga Satumba, ya wayi gari 16.

Sifaniya ta mulki ƙasar kusan shekara 300. Da Napoleon, sarkin Faransa, ya mamaye Sifaniya a 1808 ya tuɓe sarkinta, sai wasu 'yan ƙasa suka fara ƙulla shawarar tawaye a ɓoye a garin Querétaro. Asiri ya tonu, amma Josefa Ortiz, matar mai mulkin garin, ta aika musu da gargaɗi. Da asubahin 16 ga Satumba 1810, limamin cocin garin Dolores, Miguel Hidalgo, ɗaya daga cikin masu shirin tawayen, ya sa aka kaɗa ƙararrawa, ya kira talakawa su tashi. An kama shi aka harbe shi a Chihuahua a 1811, aka rataye kansa a Guanajuato don a tsorata jama'a. Wani limamin coci mai suna Morelos ya ɗora daga inda ya tsaya, shi ma aka kashe shi a 1815, kuma sai 27 ga Satumba 1821 rundunar masu neman 'yanci a ƙarƙashin Iturbide ta shiga babban birnin da nasara.

Ka lura da kyau, ba ranar da aka ci nasara suka zaɓa ba, sun zaɓi ranar da talaka ya amsa kira bai san ko zai dawo gida ba, kuma a ganina wannan zaɓi ya cancanci girmamawa. Shi ya sa kowace shekara, wajen ƙarfe 11 na dare, shugaban ƙasa yakan fito barandar Fadar Ƙasa da ke dandalin Zócalo, ya kaɗa ainihin ƙararrawar Dolores, wadda aka ɗauko zuwa fadar a 1896, ya riƙa ambaton jaruman ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa da murya ɗaya, sannan ya ce "Viva México", wato "Meziko ta daɗe", sau uku yana kaɗa tuta. Gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi da jakadu a ƙasashen waje sukan yi haka nan a wurarensu. Washegari sai faretin soja.

A gidaje akan ci barkono cushe da nama, an zuba masa farar miyar 'ya'yan itacen walnut masu kama da gyaɗa, da jajayen 'ya'yan rumman, don ya fito da launukan tuta, wato kore da fari da ja. Akwai kuma farfesun masara da suke kira pozole. Idan sun gayyace ka, ka je, amma ka tambaya cikin ladabi, domin sau da yawa da naman alade ake yin su, ko da yake wasu na sa kaza a pozole.