Uwar da ta warke daga shan ƙwaya: shin riƙon 'ya'yanta zai dawo hannunta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni bazawara ce a Tudun Wada, Kaduna, 'ya'yana biyu, mace mai shekara 9 da namiji mai shekara 5. Bayan tiyatar haihuwar ƙaramin aka rubuta mini tiramadol, daga nan na kasa bari, har na haɗa da kodin, aurena ya mutu a kan haka. Da kaina na kai yaran wajen kakarsu ta wajen uba, na tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa don a raba ni da shan. Yau wata 7 da sallamata, ban koma sha ba, ban yi aure ba. Dangin ubansu sun hana ni yaran, wai wani malami ya ce haƙƙina ya faɗi har abada, kuma tubana tuban muzuru ne. Mene ne hukuncin? Kuma in gaya wa yaran abin da ya same ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya tabbatar da ke, baiwar Allah. Haƙƙinki na riƙo yana nan, amma akwai lokacin da ke gudu a kanki, zan zo kansa.

Cewa uwa ce ta fi cancantar riƙo bayan rabuwa, kuma ciyarwa tana kan uba, ba a saɓa ba. A mazhabar Malik riƙon namiji yana kaiwa balaga, na mace har ta tare a ɗakin miji.

Malamin da ya ba su fatawa bai ƙago magana ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin fiƙihun mazhabar Malik, an sharɗanta wa mai riƙo hankali da amana, kuma an ce riƙo ba ya dawowa ga wadda ta yi aure aka sake ta, ko wadda ta sarayar da shi da kanta, sai in uzuri irin na rashin lafiya ne ya raba ta da yaron. Shi ya ajiye ki a layin masu sarayarwa, ni kuwa ina ganin ya yi kuskure a nan. Sarayarwa ita ce mace tana da lafiya da iko ta ce ba ta so. Ke kin kai su ne don ki kwanta asibiti, kin kuma zaɓi hannun da kika amince da shi. Wannan aikin mai amana ne. Da kin zauna da su kina cikin maye don tsoron kada a ƙwace su, da a nan ne amanar ta faɗi. Idan muka ce duk uwar da ta nemi magani ta rasa 'ya'yanta har abada, mun koya wa matan garin nan su ɓoye ciwonsu, kuma yaran ne za su kwana a ciki.

Sannan ki dubi farkon abin. Likita ne ya rubuta, don ciwo na gaske. Tiramadol yana cikin magungunan da jiki ke sabawa da su, in an yanke sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci su taso. Ba a banza gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018 ba. Ban ce babu zunubi a ci gaba da sha bayan kin gane yana bugarwa ba, akwai, kuma tuba ta shafe shi. Amma ko da a ce da gangan kika fara, dalilin hana mashayi riƙo shi ne tsoron tozartar yaro, in dalilin ya gushe hukuncin ya bi shi. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanabila duk suna mayar da riƙo idan abin da ya hana ya kau. Maganar tuban muzuru kuwa, zuciya ta Allah ce. Alƙali zahiri yake dubawa.

Yanzu batun wata 7. Masu sharhin mazhaba sun ce wadda uzurinta ya gushe, in ta bar yaron shekara guda ba ta nema ba, ko yaron ya saba da inda yake har ɗauke shi zai yi masa tsanani, ba za ta karɓe shi ba. Kada ki yi shiru. A makon nan mahaifinki ko waliyyinki ya je da dattawa biyu ya nemi yaran a gaban shaidu. In sulhu ya ƙi, ki kai ƙara kotun shari'ar Musulunci, ki riƙe takardar asibiti, domin idan an yi jayayya a kan amana, ke za a nema ki tabbatar da ita. Kada ki zagi kakar nan. Ta riƙe miki su lokacin da ba ki iya ba.

Ina ba ki shawara ko kin yi nasara kada ki kwashe su rana ɗaya. Su fara kwana biyu a mako, sannan a ƙara, kuma ki zauna da su a gidanku inda akwai wani babba, ba ɗakin haya ke kaɗai ba. Ki ci gaba da zuwa ganin likita, kada ki yanke maganin da ya ba ki don wani ya ce tawakkali. Ki rabu da ƙawayen da kuke sha tare da kemis ɗin da kike saye, ki goge lambobinsu. Ki faɗa wa mahaifiyarki tun yanzu: in ta ga kin zame, ta ɗauki yaran ta mayar da ke asibiti, ba gidan mari ba. Kowa ya san abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa a Satumban 2019, mutum sama da 300, da yawa a cikin sarƙa.

Game da gaya wa yaran, ba a wajabta miki tona abin da Allah Ya rufa ba, ƙarya kuma ba ta halatta. Namijin ya isa ki ce ba ki da lafiya kin je asibiti. Babbar ita ce damuwata. Yarinya mai shekara 9 ta ga komai, wataƙila ita ke ba ƙanenta abinci kina kwance, kuma za ta ji gori a Islamiyya ko a bakin famfo. Ki riga su. Ki ce mata: "Magani ne ya fi ƙarfina, na je an yi mini magani. Ba ke kika jawo ba, kuma ba aikinki ba ne ki tsare ni." In ta yi fushi ko ta ƙi sakin jiki, ki bar ta, kada ki ce mata uwa ba a fushi da ita. Ki sauke mata rainon ƙanenta ta koma wasa da sa'o'inta.

Kada jin kunyar abin da ya wuce ya sa ki sake musu fuska ki bar tsawatarwa, ko ki riƙa saye musu kaya da bashi. Abin da suka rasa shi ne uwar da za a iya dogara da maganarta. In kin ce za ki zo ranar Alhamis bayan la'asar, ki zo. Ubansu kuma yana da haƙƙin ganinsu da kula da karatunsu, kada ki hana shi ko da sun hana ki.

Wallahu a'alam.