Tambaya da Amsa: Ɗan Wasan da Ya Koma Shaye-shaye Bayan Ya Daina, Ina Makomar Sana'arsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai bibiyar wasanni ne, kuma kwanan nan na fara sha'awar wasan besbol na Amurka. Na ji labarin wani ɗan wasa mai suna Josh Hamilton, wanda aka ce ya rabu da shaye-shaye har ya zama gwarzon shekara, daga baya kuma ya sake komawa ruwa. Mun yi gardama da wani abokina, domin shi a ganinsa komawar nan ita ta kashe wa mutumin sana'a, kuma duk wanda ya koma sau ɗaya to dama can ba da gaske ya daina ba. Ni zuciyata ba ta kwanta da wannan magana ba. Don Allah a warware mana.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abokinka ya kama wani gefe na gaskiya, amma ya saki mafi girmansa, kuma idan aka bi tarihin mutumin daki-daki za a ga inda maganarsa ta yi rauni.

An haifi Josh Hamilton a shekarar 1981 a birnin Raleigh na jihar North Carolina. A 1999, yana da shekara 18, ƙungiyar Tampa Bay ta ɗauke shi a matsayin na farko cikin dukkan matasan da aka zaɓa a wannan shekara, ta kuma ba shi kusan dala miliyan 4 a matsayin kuɗin sa hannu. Iyayensa sun ajiye ayyukansu suna bin sa duk garin da wasa ya kai shi. A farkon 2001 suka yi hatsarin mota a Florida, ya ji ciwo a baya, iyayen suka koma gida domin jinya, shi kuma ya tsinci kansa shi kaɗai a karon farko, ga kuɗi a hannu, ga ciwo ya hana shi wasa, ga lokaci mai yawa babu abin yi. A wannan giɓi ne ya fara shan giya da hodar ibilis. Daga 2003 zuwa 2005 bai buga wasa ko ɗaya ba, yana shiga cibiyoyin jinyar masu shaye-shaye yana fita, hukumar wasan tana ta tsawaita dakatarwar da ta yi masa. Kakarsa ce ta karɓe shi a gidanta lokacin da ya rasa mafaka, kuma a watan Oktoban 2005 ya daina.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa sunansa ya karaɗe Amurka. Ya buga wasansa na farko a babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, a 2007 tare da Cincinnati Reds, yana da shekara 25, sannan aka yi musayarsa zuwa Texas Rangers. A 2008, a gasar gwanintar cilla ƙwallo bayan katangar fili da aka yi a filin Yankee na New York, ya cilla guda 28 a zagaye ɗaya. A 2010 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan American League, ɗaya daga cikin rukunoni biyu na gasar. Abokan wasansa, da suka zo bikin nasara a wannan shekara, sai suka ajiye giyar da aka saba fesa wa juna suka ɗauko lemon citta domin shi ma ya shiga cikinsu.

To, ga inda nake son ka tsaya da abokinka. Hamilton ya koma shan giya a watan Janairun 2009 a wata mashaya a jihar Arizona, wato kafin ya zama gwarzon shekara. Ya sake sha a Janairun 2012 a Dallas, kuma a watan Mayun wannan shekara ya cilla ƙwallo huɗu bayan katanga a wasa ɗaya da Baltimore, ya kammala kakar wasan da guda 43, mafi yawa a rayuwarsa. A watan Disamban 2012 ƙungiyar Los Angeles Angels ta ba shi kwantiragin shekara 5 a kan dala miliyan 125, tana sane da duk wannan tarihi. Da a ce komawa sau ɗaya ita ce ƙarshen sana'a, da ba a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin lura a komawar 2012 shi ne yanayin da ta faru. Shekaru da dama Hamilton yana rayuwa cikin wani tsari mai tsauri: ana gwajin fitsarinsa sau uku a mako, ba ya yawo da kuɗi masu yawa a aljihu, kuma akwai wani mai horarwa, Johnny Narron, wanda aikinsa ya haɗa da kasancewa kusa da shi a tafiye-tafiye. Bayan kakar 2011 Narron ya samu aiki a Milwaukee ya tafi, ba a kai ga cike gurbinsa ba abin ya faru. Sau biyu ke nan, a 2001 da 2012, faɗuwarsa ta zo daidai lokacin da masu tsaye a kansa suka matsa.

Komawa ta uku, a farkon 2015, ita ce ta yi ƙara. Ya yi tiyata a kafaɗa a watan Fabrairu, kuma a wannan lokaci ne ya kai kansa gaban hukumar MLB ya faɗa da bakinsa cewa ya sha giya da hodar ibilis. Kwamitin mutum huɗu da ke duba irin wannan lamari, biyu daga hukuma, biyu daga ƙungiyar 'yan wasa, ya rabu gida biyu, sai aka miƙa maganar ga alƙalin sulhu, wanda ya yanke a watan Afrilu cewa ba za a dakatar da shi ba. Shugabannin Angels, har da mai ƙungiyar Arte Moreno, suka fito fili suka nuna rashin jin daɗinsu, kuma kafin watan ya ƙare suka mayar da shi Texas, suka amince za su biya mafi yawan kimanin dala miliyan 80 da suka rage a kwantiraginsa domin dai su rabu da shi.

A nan zan faɗi ra'ayina, kuma ra'ayi ne kawai. Hamilton bai yi abin kirki ba a shekaru biyun da ya yi a Angels. A 2013 ya cilla 21 kacal, a 2014 ya buga wasa 89 cikin 162, a wasannin ƙarshen kaka kuma ya tsaya bugu sau 13 bai samu bugu mai kyau ko ɗaya ba. A 2012, da yake kan ganiyarsa, ya sha aka rungume shi. A 2015, da hannunsa ya yi sanyi kuma albashinsa ya yi nauyi, ya sha aka nemi hanyar sallamarsa. Cutar dai guda ce a lokutan biyu, darajarsa a kasuwa ce ta sauya, kuma ba na jin an yi wa Angels rashin adalci idan aka ce lissafin kuɗi ya shiga cikin fushinsu.

Bayan ya koma Texas ya buga wasa 50 a 2015, daga nan gwiwa ta kama shi, aka yi ta tiyata, bai sake fitowa a babbar gasa ba, ƙungiyar ta sallame shi a 2017. Saboda haka abin da ya rufe ƙofar a zahiri shi ne jiki. Sai dai kada mu wanke shaye-shaye gaba ɗaya, domin a nan ne abokinka yake da gaskiya. Ɗan wasan da ake ganin zai iya shiga babbar gasa yana ɗan shekara 21 ko 22 sai da ya kai 25, kuma waɗannan shekaru ba su dawo ba. Kaka 9 kawai ya buga. Mutumin da aka yi wa hasashen zai shiga sahun manyan tarihi ya tashi da shekaru biyar na haske, daga 2008 zuwa 2012. Asarar da ta fi girma ta faru ne a farko, a shekarun da babu wanda yake kallonsa, ba a komawar da jaridu suka yi ta yayatawa ba.

Tambaya: Malam, ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda mutum zai samu dukiya da suna da iyali, ya ga irin wahalar da ya sha a baya, sannan ya sake ɗaukar abin da ya san zai halaka shi. Shin wannan ba ya nufin maganin da aka yi masa bai yi aiki ba?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan tambaya ita ce iyalan masu fama da jarabar shaye-shaye suke yi a ko'ina, kuma amsarta tana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Ƙwayoyi irin su hodar ibilis suna sa sinadarin dofamin ya yi ambaliya a sashen ƙwaƙwalwa da ke koya wa mutum abin da ya kamata ya sake nema. Idan aka daɗe ana haka, ƙwaƙwalwa takan ɗaure wannan jin daɗi da wurare da mutane da yanayin zuciya, ta yadda ko bayan shekaru, shiga wata mashaya, ko kaɗaici a ɗakin otal, ko baƙin ciki, ko ciwon jiki, na iya tayar da ƙishirwar kamar jiya aka daina. Sashen da ke auna sakamako ya taka wa mutum birki shi kuma ya riga ya yi rauni. Mai fama da wannan cuta ya san illar abin sarai, sau da yawa ma ya fi mai yi masa wa'azi sani, amma sanin ba ya kashe ƙishirwar.

Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, kuma tana kwatanta wannan da hawan jini da asma, inda alamun cuta ke dawowa idan aka saki tsarin magani. Idan jinin mai hawan jini ya sake hawa, likita ba ya cewa maganin banza ne, sai ya duba abin da ya sauya ya gyara. Haka likitocin wannan fanni suke kallon komawa: alama ce cewa tsarin yana buƙatar a ƙarfafa shi. Akwai magunguna da ke taimaka wa masu jarabar ƙwayoyin kashe zafi dangin ofiyom, irin su metadon da bufrenofin, akwai kuma naltirekson ga masu shan giya, amma har yanzu babu maganin da aka amince da shi na jarabar hodar ibilis, shi ya sa aikin ya dogara ga shawarar ƙwararru da zaman ƙungiya da tsare kai daga wuraren tarko.

Rayuwar ɗan besbol kuwa cike take da tarkon. Wasa 162 ake bugawa cikin wata shida, rabinsu a garuruwan wasu, ana tashi daga fili da dare jini yana tafasa, a kwana a otal, gobe a hau jirgi. Ga raunuka, ga magungunan rage raɗaɗi, ga kuma wasan da ko gwani yakan kasa sau bakwai cikin goma idan ya tsaya bugu. Dukiya a irin wannan hali takan sauƙaƙa samun abin sha, ta kuma tara wa mutum 'yan amshin shata.

Ba kowa ne labarinsa ya zo ɗaya ba. Dwight Gooden na New York Mets, wanda ya lashe kyautar gwanin masu jefa ƙwallo a 1985 yana da shekara 20, an dakatar da shi duk kakar 1995 saboda hodar ibilis, ya dawo a 1996 ya buga wasan da babu abokin hamayya ko ɗaya da ya samu bugu mai kyau a hannunsa, amma bai sake zama Gooden na da ba. Steve Howe, shi ma mai jefa ƙwallo, an dakatar da shi sau bakwai saboda shaye-shaye, ya rasu a hatsarin mota a 2006. CC Sabathia kuma ya bar ƙungiyarsa ta Yankees a watan Oktoban 2015, ana gab da fara wasannin ƙarshen kaka, ya kai kansa cibiyar jinya saboda giya, ya dawo ya buga har 2019, kuma a 2025 aka saka shi cikin zauren girmamawa na wasan. Wani abu da iyalai ya kamata su sani shi ne cewa lokacin komawa shi ne mafi hatsari, musamman ga masu shan dangin ofiyom, domin jiki ya manta da yawan da ya saba ɗauka, kuma adadin da a da bai yi wa mutum komai ba yana iya tsayar masa da numfashi.

Tambaya: Malam, shin hukuncin mai shan hodar ibilis ɗaya ne da na mai shan maganin ƙara kuzari a wannan gasa?

Amsa: A'a, Malam, yarjejeniyar da ke tsakanin hukumar MLB da ƙungiyar 'yan wasa ta raba su. Wanda aka kama da maganin ƙara ƙarfin jiki ana ɗaukarsa mai maguɗi, a dakatar da shi wasa 80 a karo na farko, 162 a na biyu, a na uku kuma a kore shi har abada. Mai shan ƙwayoyin maye kuwa ana fara miƙa shi ga kwamitin jinya, a tsara masa magani, hukunci ba ya zuwa sai ya bijire wa tsarin, kuma a kan fassarar wannan sharaɗi ne aka yi takaddamar Hamilton a 2015. An ƙara gyara dokar bayan rasuwar Tyler Skaggs, mai jefa ƙwallo na Angels, wanda aka tsinci gawarsa a ɗakin otal a jihar Texas ranar 1 ga Yulin 2019 yana da shekara 27, binciken likita ya nuna fentanil da oksikodon da giya a jikinsa. A watan Disamban wannan shekara ɓangarorin biyu suka amince a fara gwada dukkan 'yan wasan babbar gasa domin gano dangin ofiyom da hodar ibilis, tare da cire wiwi daga jerin ƙwayoyin maye da dokar ta haramta.