Amsa: Wayar da ke magana ta isa, ko sai ya koyi Braille?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya shi. Kin tambaya ko ɗanki makaho yana buƙatar Braille, wato rubutun makafi da ake karantawa da yatsu, tunda TalkBack, manhajar wayar da ke magana, na karanta masa komai, da kuma yadda za ki yi da makarantar da ta ƙi ɗaukarsa.

A nawa ganin, kada ki bar shi da kunne kaɗai. Mai saurare kawai ba zai san yadda ake harhaɗa baƙaƙe ba, ko inda ake sa aya da waƙafi. Lissafi kuwa, nan gizo ke saƙar. Braille ɗigo 6 ne kacal, ana jujjuya su su ba da alamomi 63. Louis Braille na Faransa ya tsara shi a 1824 yana ɗan shekara 15. Yatsun yaro sun fi na babba saurin kamawa, don haka kada a jinkirta.

Ya koyi kwamfuta ma, manhajar NVDA mai karanta abin da ke kan allon kwamfuta da murya kyauta ce.

Makarantar kuma, ki nemi dalilinsu a rubuce. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ya hana ware yaro daga makaranta saboda naƙasa. Ki kai takardar ga ƙungiyar makafi mafi kusa da ke, su bi miki kadi.